Jirgin Kaduna da Ya Rasa Masaya

Da damina, manomin Kafur kan goya famfon feshi a baya, hannun hagu na bugawa, na dama na bin kunyar masara. Famfon daga Caina aka kawo shi. Ka ce wa manomin an taɓa haɗa jirgin sama a Kaduna, sai ya ce wasa kake.

Ba wasa ba ne. A 1989 kamfanin AIEP na Kaduna, wanda daga baya ya zama Dornier Aviation Nigeria AIEP, ya fito da Air Beetle, ƙaramin jirgi mai kujera biyu, ta malami da ta ɗalibi. Rundunar Sojan Sama ta sayi guda 60, ta yi shekaru tana koyar da matuƙa da su.

Sai dai jirgin da rauninsa aka haife shi. Samfurinsa na RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, injinsa ma Lycoming ne na can. Duk faɗuwar naira, sai kayan gyara su ƙara tsada. Ga shi kuma mai saye ɗaya tak gare shi, wato gwamnati. Da jiragen suka tsufa, a 2016 aka ƙulla cinikin jiragen Super Mushshak guda goma daga Pakistan. Manoman auduga na Funtuwa da Malumfashi sun san irin wannan labari, domin sun ga yadda atamfar waje ta durƙusar da masaƙun Kaduna, kasuwar auduga ta bi su.

Barazil ta bi wata hanya dabam. Kamfanin Embraer ya ƙera Ipanema, jirgin feshin gona da ya fara tashi a 1970, ya sayar da fiye da dubu, har ya yi mai amfani da man da ake tatsa daga rake. Masu manyan gonaki ne suka riƙe masa kasuwa. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021 ma samfurin Embraer ne.

Gonakin Kafur ƙanana ne, ba manomin da zai sayi jirgi shi kaɗai. Amma tsuntsun jan baki na afka wa shinkafa a Kebbi da Jigawa, kuma daga sama ake yi masa feshi. Kasuwa ce da Air Beetle bai taɓa shiga ba, don aji aka ƙera shi.