Nasiha Ga Wanda Ya Sayi Kyamarar Zamani Bai San Inda Zai Fara Ba

 Ku sani kyamarar zamani, wadda ba ta bukatar fim, ta fara shiga hannun mutanenmu. Wani ɗansa ya aiko masa daga birni, wani ya sayi ta hannu a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Sa'an nan sai a buɗe kwali, a ga maɓallai barkatai, a rasa na taɓawa. Daga nan sai a mayar da ita akwati, kuɗi sun tafi, amfani bai zo ba. To, maganar yau ita ce yadda mutum zai zaɓi littafin da zai karanta, da bidiyon da zai kalla, har ya iya aiki da ita.

Kada wani ya ce wannan sha'anin yara ne. Asalin ilmin yana cikin littattafan magabata. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra, ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayani cikin Kitabul Manaziri yadda haske ya ke shiga ta 'yar ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu, ya fito da surar abin da ke waje a jikin bango, a juye. Kowace kyamara ɗakin nan ne aka ƙanƙantar. Ta zamani kuwa, wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, shi ya fara haɗa ta a 1975, kuma a lokacin sai an yi daƙiƙa 23 kafin hoto guda ya shiga kaset.

Me ya sa malami zai damu da ita? Domin abin da ke cikin gafaka. Gidajen malamai da yawa suna da littattafai rubutun hannu da aka gada kaka da kakanni, na fiƙihu da nahawu da waƙoƙin ajami. Gara ba ta san darajarsu ba, yoyon damina ma haka, ga gobara, ga rabon gado da kan raba littafi guda gida uku. Ku tuna abin da ya faru a Tumbuktu cikin watan Janairu 1913 da shekara ɗari a kai, watau 2013, sa'ad da aka ƙone ko aka kwashe littattafai wajen 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. Da Abdulƙadir Haidara da abokansa ba su riga sun ɗauke dubbai sun kai Bamako a ɓoye ba, da asarar ta wuce misali. Littafin da aka ɗauki hotonsa, ko takardar ta halaka, ilmin ya tsira.

Falke kuma yana da tasa bukatar. Mai hatsi da ke neman mai saye a Dawanau, ko mai kayan lambu na bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, hoto mai kyau yana rage masa tafiya da kuɗin mota. Malaman mazhabar Maliku sun halatta cinikin abin da ba ya wurin bisa siffa, muddin siffar gaskiya ce. Hoto siffa ne. In ya fito da launin masara daidai, ciniki ya zauna. In an ƙara masa hasken da babu shi a buhu, ya zama algus, rigima kuwa tana tafe.

To, ga tsarin koyo. Ku ɗauke shi kamar karatun zaure. Akwai matani, akwai sharhi, akwai malami mai ba da karatu. Ba wanda ya ke fara Muhtasar bai yi Ahalari da Ishmawi ba.

Matani shi ne littafin da kamfanin da ya ƙera kyamarar ya rubuta. Wanda a ke sawa cikin kwali sau da yawa gajere ne. Cikakken yana shafin kamfanin a intanet, kyauta, ko Canon ne ko Nikon ko Sony, mai shafi ɗaruruwa. A sauke shi a waya sau ɗaya, ya zauna, ba sai an sake sayen data ba. Ga albishir ga malamai: kamfanonin nan suna fitar da littattafan kyamarori da yawa cikin Larabci, kuma da yawa daga kyamarorin ana iya juya rubutun jikinsu zuwa Larabci. Wanda Turanci ya yi masa nauyi, ga ƙofa a buɗe.

Amma a kula da lambar kyamara, domin nan a ke yin tuntuɓe. A duba ƙarƙashinta, a rubuta sunan da lambar harafi da harafi. Wata kyamarar sunanta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Misali, wadda a ke kira Canon EOS 2000D a Turai, ita ce Rebel T7 a Amurka, ita ce kuma 1500D a wasu ƙasashen Asiya. Littafin ɗaya ya isar wa duka ukun. Amma littafin wata lamba dabam, ko da kamfanin ɗaya ne, zai ce ka taɓa maɓallin da babu shi a taka.

Sharhi kuwa shi ne littafin da wani gwanin hoto ya rubuta don fayyace matani. Matani yana gaya maka abin da kowane maɓalli ya ke yi, amma ba ya gaya maka lokacin da ya kamata ka taɓa shi. Kafin ka sayi sharhi, buɗe shi ka ga ko ya yi bayanin abubuwa uku waɗanda su ne rukunan wannan sana'a. Na farko faɗin kafar da haske ke shiga, wadda a ke aunawa da harafin f, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙanƙantar kafar. Na biyu tsawon lokacin da kafar ke buɗe, kamar kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa. Na uku ƙarfin jin haske, wanda a ke kira ISO, in an ɗaga shi ƙwarai sai hoto ya yi tsaki-tsaki. Littafin da ya cika shafi da hotunan duwatsun ƙanƙara, bai fayyace waɗannan uku ba, na ado ne, a bar shi a kanti.

Mai nufin ɗaukar littattafan gado yana da sharhi nasa na musamman. Babban ɗakin karatu na Ingila yana da shiri na ceton tsofaffin takardu tun 2004, kuma a 2018 masu aikin suka fitar da littafi mai suna Remote Capture, da Turanci, ana saukewa kyauta. An rubuta shi ne domin masu aiki inda wuta ba ta zama, zafi da ƙura sun yi yawa, watau irin wurarenmu. A sa wani ɗalibi ya karanta, ya fassara wa malam babi babi.

Sai malami, watau bidiyo. YouTube, wanda aka kafa a 2005, cike ya ke da masu koyarwa, na kirki da na banza. Amfanin bidiyo shi ne kana ganin yatsa a kan maɓalli, gani kuwa ya kori ji. Amma kamar yadda ba a ɗaukar karatu wurin kowa sai an san inda ya yi nasa, haka nan ma. Ga sharuɗɗa biyar. Ka ga kyamarar a hannunsa, irin taka daidai. Ka ga hotunan da shi kansa ya ɗauka, domin ba a tambayar maƙeri ko ya iya, garmarsa a ke dubawa. Ka lura ko dillali ne: wanda kowane zancensa ya ƙare da sayi wannan, sayi wancan, la'adarsa ya ke nema. Ka duba shekarar da aka yi bidiyon. Na biyar, ka guji wanda murya ce kawai ta inji a kan hotuna masu wucewa, babu hannu babu kyamara.

Har wa yau, a yi tattalin data. Bidiyo guda mai tsawo wanda ya bi kyamararka daga farko zuwa ƙarshe ya fi gajeru ashirin na mutane dabam dabam, kowa da tasa hanyar. Almajirin da ke sauya tsangaya kowane wata ba ya sauka. Ka riƙi malami guda. Ka kalli kaɗan, ka tsayar, ka ɗauki kyamara ka yi abin da ya yi, sa'an nan ka ci gaba. Abin da ya saɓa wa matani kuwa, a koma ga matani.

Akwai kuma abin da malaman Turai ba su cika faɗa ba, domin ƙasarsu ba tamu ba ce. Da hunturu kada a cire idon kyamara a fili, ƙura ta shiga ciki, kowane hoto ya fito da ɗigo. Kada a bar ta cikin mota da rana. A tanadi batir na biyu. Wajen ɗaukar littafi, a kashe walƙiyarta, a zauna a inuwa mai haske, a kafa ta bisa mariƙi mai ƙafa uku tana duban takarda kai tsaye, a sa ISO a 100, kafa a f/8, a sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza ta. Tun da littattafanmu warƙa warƙa su ke, ba ɗinki, a bi kalmar nan da marubuci kan sa a gindin shafi don nuna farkon na gaba, kada a hargitsa jeri. A nemi iznin mai littafi tukuna, a rubuta sunan littafin da gidan da ya fito. Sa'an nan kada a bar hotuna a katin kyamara kaɗai. A kwafe su wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gida dabam.

Wanda ya so ganin yadda masana ke wannan aiki, akwai Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sashen littattafan rubutun hannu na Jami'ar Bayero. Jami'ar Boston a Amurka ma, ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom, ta sa hotunan littattafan ajami na Hausa a intanet, kowa na iya dubawa ya gwada da nasa.

Saboda haka, 'yan'uwa, a fito da kyamarar nan daga akwati. Mako na farko matani, na biyu malami guda, na uku a ɗauki shafi goma na wani littafi wanda ba a jin tsoron taɓa shi, a kai wa dattijo mai raunin gani. In ya karanta wasali da ɗigo bai yi tuntuɓe ba, hannu ya faɗa, sai a buɗe gafakar kakanni. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu dace. Wassalam.