Abin da ƙasa ta ɓoye a unguwar The Rocks

Yau zan kai ku birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, wata tsohuwar unguwa ta bakin tashar jiragen ruwa da ake kira The Rocks.

Turawan Ingila sun sauka a wurin a 1788 ɗauke da fursunoni. A ƙarni na 19 talakawa ne suka cika unguwar: tsofaffin fursunoni da 'ya'yansu, mahauta, 'yan dako, ma'aikatan jirgin ruwa. Jaridu da manyan gari suka riƙa kiranta matattarar ƙazanta da ɓarayi. Da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a 1900, ta kashe mutum 103 a Sidni, sai gwamnati ta karɓe unguwar, ta rushe gidaje da dama.

To, a 1994 masu binciken kayan tarihi suka haƙa wani fili tsakanin titin Cumberland da na Gloucester. Suka tarar da harsashin gidaje sama da 30, da kaya dubu ɗaruruwa: tangaran na Sin, kofunan shayi, maɓallai, kayan ɗinki, kayan wasan yara. A rijiyar wani mahauci, George Cribb, har da tukunyar dafa barasa.

Ni abin da ya tsaya min a rai ke nan. Talauci akwai shi, cuta ma haka, amma mutanen nan suna ƙawata ɗakunansu, suna saya wa yaransu abin wasa. Waɗanda suka rubuta labarinsu ba a cikinsu suke zaune ba, shi ya sa sai da aka tono shararsu aka ji nasu ɓangaren.

Ku fa, wa ke ba da labarin unguwarku? Sai mun haɗu a shiri na gaba.