Ƙunshi a Harshen R: Hanyar Adana Bayanan Gidajen Manoma a Ƙasar Ungogo

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin da ya taɓa fita karkara domin tattara bayanai, ko na noma ko na harshe, ya san cewa aiki ba ya ƙarewa ranar da aka gama yi wa mutane tambayoyi. Bayan tattarawa sai adanawa, a nan ne kuwa bayanai da yawa suke salwanta ba tare da an farga ba. Abin da aka saba shi ne a zana jadawali, a ba kowane gida layi guda, kowace tambaya kuma gurbi guda. To amma gidan manomi ba ya shiga layi guda cikin sauƙi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wani mazubin bayanai da ke cikin harshen kwamfuta mai suna R, wanda za a kira shi "ƙunshi", ta kuma nuna dacewarsa da gidajen manoman ƙasar Ungogo.

2.0 Ƙasar Ungogo da Yanayin Gonakinta

Ungogo tana arewa da birnin Kano, a yau kuma ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu 11, cikinsu har da Fanisau da Rangaza da Bachirawa da Rijiyar Zaki. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da dubu 360. Tun kafin birni ya bunƙasa ya cinye wasu daga cikin gonakinta, masana suka lura da yawan jama'ar da ke noma a wannan yanki. A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo. Abin da ya fi jan hankali a yankin a wancan lokaci shi ne ana nome gona kowace damina ba a barin ta ta huta, ana kuma riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da kuma wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni cikin mangala.

Inda jama'a suka yi yawa haka, rabon gado kan daddatsa gonaki. Saboda haka wani maigida gonarsa ɗaya, wani uku, wani biyar a warwatse. Wata gadonta ya yi, wata saya ya yi, wata jingina ce, wata kuwa aro. Ban da gonar gandu akwai gayaunar 'ya'ya. A cikin gona guda kuma akan haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa. Idan mai nazari ya tanadi gurbi uku na gonaki a jadawalinsa, ina zai sa gona ta huɗu? Idan ya yar da ita, ya rage wa gidan arziki a lissafi. Idan kuwa ya tanadi gurbi goma, galibin jadawalin zai zama fanko. Wannan ita ce matsalar da ƙunshi ke warwarewa.

3.0 Harshen R da Mazubansa

R harshe ne na ba kwamfuta umarni wanda aka tsara domin aikin ƙididdiga. Ross Ihaka da Robert Gentleman na Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand ne suka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1990, bisa tafarkin wani harshe mai suna S, wanda John Chambers da abokan aikinsa suka fara a Amurka a 1976. Cikakken fitowarsa ta farko ta zo a shekarar 2000, kuma kyauta ake samun sa.

Mazubi mafi sauƙi a R shi ne wanda za a kira "sahu", wato jerin abubuwa masu jinsi ɗaya, ko lambobi zalla ko kalmomi zalla. A ƙaddara wani gida yana da gonaki uku, an auna su da eka. (Duk alƙaluman da ke biye na misali ne kawai.)

(1) gonaki <- c(1.5, 0.5, 2)

Sharaɗin sahu shi ne ba ya karɓar gauraye. Idan aka cusa masa kalma a tsakanin lambobi, R ba zai yi ƙorafi ba, sai dai ya mayar da lambobin duka su zama rubutu, wanda ba ya taruwa, ba ya kuma rabuwa.

Shi kuwa ƙunshi, wanda umarninsa a R shi ne list, ba shi da wannan sharaɗi. Kamar kayan da matafiyi ya ɗaure cikin zane guda ne, ga tufafi, ga guzuri, ga kuɗi, kowanne da ƙullinsa:

(2) gida1 <- list(unguwa = "Fanisau", mutane = 9, gonaki = c(1.5, 0.5, 2), amfani = c("gero", "dawa", "wake"), jaki = TRUE)

Wannan ƙunshi yana da ƙulli biyar: kalma ɗaya, lamba ɗaya, sahun lambobi, sahun kalmomi, da amsar i ko a'a. Tsawonsu ya bambanta, jinsinsu ya bambanta, amma duk suna tare a ƙarƙashin sunan gida guda.

4.0 Ciro Abu Daga Ƙunshi

A nan ne sababbin ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin akwai hanyoyi uku masu kama da juna:

(3) gida1$gonaki
(4) gida1[["gonaki"]]
(5) gida1["gonaki"]

Misali na (3) da na (4) suna kwance ƙullin su miƙo abin da ke ciki, wato lambobin nan uku. Misali na (5) kuwa, mai baka guda, ƙullin yake miƙowa a ɗaure, wato ƙaramin ƙunshi. Bambancin kan fito fili wajen lissafi. Idan aka ce sum(gida1[["gonaki"]]), amsa za ta fito 4. Idan kuwa aka yi amfani da baka guda, R zai ƙi, domin ba a tara abin da ke ɗaure. Ƙa'idar ke nan: baka guda na zaɓo ƙulli ko ƙulle-ƙulle, baka biyu na kwance ƙulli ɗaya.

5.0 Ƙunshi Cikin Ƙunshi

Babbar fa'idar ƙunshi ita ce yana iya ɗaukar wani ƙunshin. Ana iya haɗa gidajen unguwa duka wuri guda:

(6) gidaje <- list(gida1, gida2, gida3)

Wanda yake son girman gonar farko ta gida na biyu sai ya bi mataki-mataki, kamar mai shiga gida daga zaure zuwa tsakar gida zuwa ɗaki: gidaje[[2]]$gonaki[1]. Har ila yau, kowace gona ana iya mayar da ita ƙunshi mai zaman kansa, a rubuta girmanta, da hanyar mallakarta, da abin da aka shuka, da itatuwan da ke cikinta irin su ɗorawa da kuka da tsamiya.

Ba sai mai nazari ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya da hannu ba. Akwai umarnin da ke zagaya ƙunshi ya yi wa kowane ƙulli aiki iri guda:

(7) sapply(gidaje, function(g) sum(g$gonaki))

Wannan zai fitar da jimillar ekar kowane gida, ko gonarsa ɗaya ce ko biyar. Ɗan'uwansa lapply aiki ɗaya suke yi, sai dai shi kullum ƙunshi yake mayarwa, shi kuwa sapply yakan sauƙaƙa amsar ta koma sahu idan hakan zai yiwu. Daga nan ne ya dace a zana jadawali. Hasali ma jadawalin R, wato data.frame, shi kansa ƙunshi ne da aka gindaya wa sharaɗin cewa dukkan ƙulle-ƙullensa su zama tsawonsu ɗaya.

6.0 Wuraren da Ake Yin Hattara

Na farko, R ya bambanta NA da NULL. NA na nufin akwai abin amma ba a san shi ba, alal misali maigida ya yi tafiya ba a sami girman gonarsa ba. NULL kuwa na nufin babu ƙullin sam. Wanda ya rubuta gida1$jaki <- NULL ya goge ƙullin jaki ne baki ɗaya. Haɗarin shi ne, jimillar NULL a R sifiri ce. Don haka idan aka manta rubuta gonakin wani gida, misali na (7) zai ba shi sifiri shiru, ya shiga sahun marasa gona, alhali yana da ita. Kuskure irin wannan na iya sauya sakamakon bincike a kan talauci da mallakar ƙasa.

Na biyu, alamar dala tana karɓar guntun suna. Idan aka rubuta gida1$gona, R zai ɗauka gonaki ake nufi. Amma in akwai ƙulli biyu da suka fara da waɗannan haruffa, kamar gonaki da gonar_aro, sai ya mayar da NULL. Baka biyu ba sa wannan shaci-faɗi, shi ya sa suka fi aminci.

Na uku, umarnin unlist yana kwance ƙulle-ƙulle duka ya zube su a sahu guda. Idan akwai kalma ko ɗaya a ciki, lambobin duka za su koma rubutu. Kafin kowane lissafi yana da kyau a duba tsarin ƙunshin da umarnin str.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa sahu na abubuwa masu jinsi ɗaya ne, jadawali na abubuwa masu tsawo ɗaya ne, ƙunshi kuwa na abubuwan da suka saɓa a jinsi da tsawo ne, irin gidajen manoman Ungogo. Amfaninsa bai tsaya ga noma ba. Ɗalibin Hausa da ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga wata kalma ma'anarta ɗaya, wata kuwa ma'anoni barkatai, kowace da jam'inta da misalanta. Wannan ma ƙunshi ne. Haka bayanan karin harshe da na karin magana da ake tattarowa daga ƙauyuka. Abin da ya kamaci mai nazari shi ne ya fara adana bayanai yadda ya same su daga bakin masu su, sannan ya tace su zuwa jadawali gwargwadon tambayar da yake son amsawa. Hausawa sun ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta.