Kabo 671: jirgin Kano da ya sauka da fiffike yana ci da wuta

Da safiyar 31 ga Maris 1992 wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 707 ya tashi daga Luksambag, ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano. Kamfanin Trans-Air Service ne ke tafiyar da shi, amma a rediyo ana kiransa Kabo 671, sunan da alhazan arewa suka sani sarai. Mutum 5 ne a ciki. Ingemar Berglund, ɗan Suwidin, shi ne matuƙi, Martin Emery mataimakinsa, Terry Boone kuma injiniya.

Sun yi kamar awa ɗaya a sama, suna hawa wajen ƙafa 32,000 a kudu maso gabashin Faransa, iska tana jijjiga su, sai suka ji ƙara sau biyu a jere. Jirgin ya karkata dama. Berglund ya kashe na'urar tuƙi, ya riƙe jirgin da hannu da ƙafa. Emery ya leƙa ta tagarsa, ya ga inji na 4 babu shi. Da ya sake dubawa daga baya, ashe na 3 ma ya tafi. Shi ne ma ya fara ɓallewa, ya bangaji ɗan'uwansa, suka faɗo tare, suka bar fiffiken dama a yage, mai yana zuba.

Riƙe jirgin a sama wahala ce, saukar da shi ya fi. Duk wanda ya taɓa zama bakin taga a jirgin Duwala zuwa Garwa ya ga abin da ke faruwa idan an doshi kogin Binuwai: wasu faya-fayai suna zamowa daga bayan fiffike, suna lanƙwasawa ƙasa. Su ne filaf. Aikinsu su faɗaɗa fiffike domin jirgi ya rage gudu bai faɗo ba, kamar yadda shirwa ke baza fukafukanta idan za ta dira. Idan suka ƙi fitowa, matuƙa ba sa tilasta musu. Sukan fasa saukar, su koma sama, ɗaya ya riƙe tuƙi, ɗaya ya buɗe littafin matakan gaggawa yana karantawa layi-layi. Su lissafa sabon gudun sauka, wanda dole ya ɗara na kullum, su nemi titi mai tsawo, su rage mai don jirgin ya yi sauƙi, su ce wa hasumiya ta tanadi motocin kashe gobara.  Duk wannan abu ne da ake koya musu, kuma galibi lafiya ake sauka. Abin da suke tsoro shi ne filaf ɗin gefe ɗaya ya fito, na ɗaya gefen ya maƙale ko ya lalace. A nan fiffike ɗaya zai fi ɗaya ɗagawa, jirgi ya mirgina.

Wannan haɗarin ne ke jiran Kabo 671. Suka zubar da mai, suka nufi Marsai, sai suka hango wani dogon titi ta tsakanin gajimare: sansanin sojan sama na Istres, mai ɗaya daga cikin titunan jirgi mafiya tsawo a Turai. Suka zaɓe shi. Kafin su daidaita da titin sai sun juya hagu, alhali injuna biyun da suka rage duk a hagu suke, suna tura jirgin dama. Da ƙyar ya juyu. Bayan sun sauke filaf wuta ta kama fiffiken dama, har mutanen hasumiya suka hango ta. Berglund bai yarda ya rage gudu irin na saukar yau da kullum ba. Da gudu ya dira, jirgin ya sharara a titi, daga ƙarshe ya kauce hagu ya tsaya. Minti 24 ke nan da faɗuwar injunan. Su biyar ɗin suka fito da ƙafafunsu.

A ganina leƙen nan da Emery ya yi ta taga ya kai nauyin ƙarfin damtsen Berglund. Sun san fiffikensu ya samu rauni, don haka ba su amince masa ba. Wata 6 bayan nan, ranar 4 ga Oktoba 1992, wani Boeing 747 na dakon kaya mallakar El Al ya tashi daga Amsterdam, shi ma injunansa na 3 da na 4 suka ɓalle. Matuƙansa ba sa iya hango wurin da kyau, suka ɗauka injunan mutuwa kawai suka yi. Da suka sauke filaf suka rage gudu, fiffiken hagu ya ɗauka, na dama da ya lalace ya kasa. Jirgin ya mirgina ya faɗa kan gidajen unguwar Bijlmer, mutum 43 suka rasu, 39 daga cikinsu waɗanda ke ƙasa ne.

Masu binciken Faransa sun gano cewa ƙarfen da ke riƙe inji na 3 a jikin fiffiken Kabo 671 ya daɗe da tsagewa saboda gajiya, tsagar tana girma a hankali, kuma irin dubawar da aka tsara wa wannan ƙarfe ba ta isa ta tono ta ba. Jirgin bai sake tashi ba.