Daga Bakin Baƙin Rami Zuwa Turɓayar Bagega

Akan tambaye ni amfanin koyar da ilimin sararin samaniya a ƙasar da tsaro da abinci suka zama abin nema. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana yammacin Zamfara.

Wanda ya fuskanci kudu da tsakar dare a watan Afrilu, daga Gummi ko Anka ko Bukkuyum, yana kallon sashen da wani gungun taurari mai suna Centaurus A yake. Haskensa kan yi kimanin shekara miliyan 12 kafin ya iso mana. A tsakiyarsa akwai baƙin rami wanda nauyinsa ya ninka na rana sau miliyoyi. Ba duk abin da ya kusance shi yake haɗiyewa ba. Wani kason yakan fesar da shi waje da gudun da ya wuce misali. Idan wannan feshi ya afka wa iskar gas da ke kewaye, sai a sami igiyar karo, irin wadda ke haifar da tsawa bayan walƙiya. Karon kan ɗumama gas ɗin zuwa miliyoyin digiri, har ya riƙa fitar da hasken eksire, wanda muka sani a ɗakin hoton ƙashi. Iskar duniyarmu tana tare wannan haske, shi ya sa Amurka ta harba madubin Chandra zuwa sama a 1999.

Tun 1913 Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa kowane sinadari yana da tambarinsa a cikin hasken eksire. Da wannan tambari masana ke gane baƙin ƙarfe a gas ɗin da ke nesa.

Da shi kuma aka ceci rayuka a gida. A 2010 Likitoci Na Gari Na Kowa suka bankaɗo gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinariya a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu. Ido ba ya bambanta turɓaya mai guba da mai lafiya. Sai ƙwararru suka zo da wata na'urar hannu da ke haska ƙasa da eksire, ta karanta tambarin dalma nan take. Da ita aka auna gidaje a 'Yargalma da Dareta, da Bagega wadda aka tsabtace a 2013, aka san inda za a kankare ƙasa.

Haƙar zinariya ba ta tsaya ba, kuma dalma ba ta ruɓewa. Ina kira ga gwamnatin jiha da Jami'ar Tarayya ta Gusau su tanadi waɗannan na'urori, su horar da 'ya'yan yankin a kansu. Yarinyar Gummi da ta fahimci hasken Centaurus A ita ce za ta iya gaya wa uwa ko tsakar gidanta ya dace da rarrafen jariri.