Zaɓen Shuke-shuke Masu Jure Zafi: Hanyar Kare Jarin Masu Lambu a Nukkai

JALINGO: Unguwar Nukkai da ke bakin kogin Lamurde tana cikin wuraren da ke samar wa Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kayan miya da ganye a lokacin rani. Ko da yake yankin ba hamada ba ne, ruwan sama kan ɗauke daga watan Nuwamba har zuwa wajen Afrilu, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi kan kai kusan digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan yanayi, abin da mai lambu ya zaɓa ya shuka shi ke nuna ko zai ci riba ko jarinsa zai ƙone.

Tumatir da kabeji da latas da karas duk sanyi suke so. Shi ya sa ake shuka su a farkon hunturu domin a cire su kafin bazara. Idan zafi ya tsananta, furen tumatir kan zube ba tare da ya yi 'ya'ya ba, latas kuma ya yi ɗaci. Wanda ya makara da su ya yi asarar iri da taki da kuɗin ƙwadago baki ɗaya.

Kuɓewa da yakuwa da rama da alayyahu da kankana kuwa sun fi jure rana. Alayyahu kan isa yanka cikin wata guda, don haka yakan mayar da kuɗi da wuri. Zogale na da saiwa mai zurfi, kuma da zarar ya kafu sai a riƙa cire ganyensa ba tare da yawan ban ruwa ba.

Batun ruwa shi ne ginshiƙin lissafin. Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tafiyar da injin ban ruwa ya ƙaru ƙwarai. Saboda haka duk shukar da ke rage yawan tayar da inji tana ƙara wa manomi riba. Rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa da yin ban ruwa da sassafe ko da yamma suna rage ƙafewar ruwa.

A fannin itatuwa, mangwaro da kashu da gwaba sun dace da yankin. Mangwaro mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, alhali na ƙwallo yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, tana ba da inuwa ta kuma kare lambu daga iska. Itacen turare kuwa yana da shan ruwa, don haka bai kamata a dasa shi kusa da kayan lambu ba.

Manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun nuna amfanin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya takinta ƙasa, ya kuma yi kore da rani.

Ga masu sayar da dashe da masu sayensa, lokacin da ya fi dacewa a dasa itace shi ne farkon damina, domin saiwa ta kafu sosai kafin rani ya dawo.