Toshen Kunnenka Ya Zauna Kuwa?

Lokacin SIWES a wani kamfanin casar shinkafa na yi aiki. Kullum da soson toshe kunne nake shiga, amma da daddare sai in ji kunnena yana ta shuuu. Ashe cusa shi kawai nake yi.

Ƙarar da ta kai desibel 85, in kana awa takwas a cikinta kullum, tana cin jinka a hankali, kuma ba ya dawowa. Lambar da ke jikin fakitin toshen kuwa a ɗakin gwaji aka samo ta, alhali ramin kunnen kowa daban ne.

Murza soson ya sirance, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 ya kumbura. Sai gwaji: inda injin ke aiki, rufe kunnuwanka da tafin hannu, sannan ka ɗauke. In ƙarar ta ragu sosai da ka rufe, to bai zauna ba, sake sawa. Muryarka ma ka ji ta kamar daga cikin randa.

Wasu kamfanonin suna da na'urar da ke auna ƙarar ciki da wajen kunnen kowane ma'aikaci. Mu dai a can tafin hannu muka samu.